Rakiyar Gwamma Daga Birnin Kishingiɗa

Masu gatanan su riƙe gatanansu. Ni abin da idona ya gani zan faɗa, kuma da fushi zan faɗe shi.

Kujera ce ta haɗiye ƙawata Gwamma, da rana tsaka, a cikin ɗakinta, a garinmu Kafin Maje.

Ni ce Tasalla mai daddawa. Gwamma kuwa mai kitso ce. Tare muka yi tallar ƙuruciya, mun taya juna zaman takaba, sa'o'inmu duk sun riga mu gidan gaskiya sun bar mu mu biyu. A gindin darbejiyar gidanta take kitso, kuma nan labarin gari yake fara sauka kafin ya isa kunnen mai unguwa. Idonta ya ɗan yi hazo, amma yatsunta ba su taɓa ɓata tsaga ba.

Sai ɗanta na fari, Sabi'u, ya sami duniya a birni. Ran nan ya zo da wata ƙatuwar kujera a bayan mota, mai laushi kamar tumbin jariri. Wai wani dogon mutum ne ya tare shi da ita a bakin kasuwa, ko ciniki bai tsaya yi ba. Sakarai bai ko dubi ƙafafun mutumin ya ga ko kofaton aljani ne ba.

Ya durƙusa gaban uwarsa ya ce, "Inna, daga yau kin huta. Uwar mutum kamata ba za ta zauna tana tsefe wa matan ƙauye kai ba. Biki, suna, ta'aziyya, duk a aika. Ke dai ki ci, ki yi salla, ki kishingiɗa."

Na ce, "Kai Sabi'u, ni na goya ka kana tsula min fitsari a baya. Uwar taka ciwo take yi?"

Ya ce, "A'a Gwaggo, tsufa ne."

"Tsufan laifi ne, da za ka ɗaure ta?"

Ya yi dariya, wai in ina so ni ma ya kawo min tawa. Na ce ya kai wa dangin ubansa.

Gwamma ta hau kujerar. Kun san uwa da ɗan fari, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta yi masa musu a gaban mutane. Kunya ta zaunar da ita. Ya sa wa gidan ƙyaure, aka ja aka rufe. Mata su zo da kansu a tsefe, a ce musu Hajiya tana hutawa. Har ni aka gaya wa haka, ni Tasalla! Sai ta inda katanga ta zube nake shiga, kamar akuya. Kuma kullum na je sai in tarar ta ƙara nutsewa a cikin kujerar nan. Na yi magana, aka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Ran da abin ya faru, ɗankwalinta kawai aka tarar a kan kujerar.

Gida ya ruɗe da kuka, masu tofi na yi, masu hayaƙi na yi, Sabi'u ya zo yana share majina da babbar riga. Na ture shi na ce, "Matsa can, mai kashe uwa da alheri." Na ɗaure zanina tamau, na yi bisimilla, na faɗa kan kujerar da ƙarfi na ce mata, "In kin isa haɗiye ni, ki ji yadda ƙashi ke tsaya wa kare a wuya."

Ta kuwa haɗiye ni.

Na faɗo a wani fili na audugar rimi, fari fat har iyakar gani. Babu rana, amma ga haske. Duk inda na taka sai ƙafata ta lume har gwiwa, ga wasu muryoyi masu zaƙi suna bin kunnena, "Kwanta Iya, kwanta kaɗan, kin gaji." Kuma ba ƙarya suka yi ba, gwiwata ta hagu ta daɗe tana min tsiya. Nan da can ina ganin tudu-tudu suna numfashi, ashe mutane ne da suka kwanta auduga ta rufe su. Abin da ya tsayar da ni a kan ƙafata fushi ne. Kowane taku sai na zagi Sabi'u. Da na gama da shi na shiga kakanninsa na wajen uba, waɗanda na sani da waɗanda na ji labari. Kafin in ƙare da su na fita daga filin.

Sai ga kogi, ruwansa na tururi kamar na wankan jego. A bakinsa wani aljani yana tsaye, bayansa faɗin ƙofar gari, kansa bai fi goriba ba, ya rataya majanyi a kafaɗa.

Ya sunkuya ya ce, "Aminci ya tabbata a gare ki, ya ke ma'abociyar furfura. Ni ne Ɗan-Goyo, bawan Sarauniya Lallausa. Ba a taɓa barin tsoho ya jiƙa ƙafarsa a wannan kogi ba. Hau bayana."

Na ce, "Wanda ka goya, a ina kake sauke shi?"

"A kan kujerarsa, a Birnin Kishingiɗa."

"Yana sake taka ƙasa?"

"Me zai yi da ƙasa, ya ke mai girma?"

Na ce, "To ka ji. Rabona da goyo tun ina cin ƙasa. In taimakona kake so ka yi, shiga gaba ka nuna min inda babu zurfi, ka miƙo min ɗan yatsanka in riƙe."

Ya yi tsuru-tsuru ya ce tun da aka halicce shi ba a taɓa roƙonsa haka ba, amma ba shi da ikon ƙin umarnin tsoho. Muka shiga. Wayyo, ruwan nan hannuwa gare shi! Ya kama ƙwaurina yana min wata tausa da ko 'ya'yan cikina ba su taɓa min ba. Idona ya fara lumshewa, na ɗan dakata a tsakiya. Sai wani kifi ya ɗago kai ya ce, "Tasalla, zama wuri ɗaya tsautsayi." Na ce, "Ai an daɗe ana cewa kai ka faɗa, ashe gaskiya ne." Na danna goro mai ɗaci a baki, na ja ƙafa har muka haye.

A ƙofar birnin wata aljana ce ke gadi. Kunnuwa ne a jikinta ko'ina, har a gwiwar hannu, kamar ganye a jikin kuka. Ta miƙo wata ƙwarya cike da wasu abubuwa kamar duwatsun wuya.

Ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ajiye sunanki a nan. Suna kaya ne mai nauyi. A cikin wannan birni kowa Iya ne ko Baba."

Na ce, "Rago aka yanka kafin a ba ni shi. Kin ci naman?"

"Ban ci ba."

"To ki ɗauke min ƙwaryarki."

Ta ce, "Ashe baƙuwa ce ke. Baƙo yana shiga da sunansa, yana fita da shi. Amma ki sani, muddin kika zauna a kan kujera ko tabarma a birnin nan, kin zama tamu."

Tana cikin wannan jawabi ni kuwa idona na cikin ƙwarya. Na hango wani dutse ja mai ƙamshin man kitso, na san na Gwamma ne. Na yi tuntuɓen ƙarya, na dafa ƙwaryar, na cafke shi na soke a bakin zani.

Jama'a, Allah ya raba ku da ganin Birnin Kishingiɗa. Gari guda ba ƙarar taɓarya, ba carar zakara, ba kukan jariri, ba wanda ke faɗa da wani. Kujeru ne jere a inuwa, kowace da tsohonta. Wannan aljanu na yi masa fifita, wancan ana tauna masa abinci a zuba masa a baki, wata ana ja mata carbi, wani har hamma yi masa ake yi. Da na duba ƙasa sai na ga ƙafafunsu sun zama itace, sun yi saiwa sun shige ƙasa. A bayan kowace kujera bishiya ta tsiro tana 'ya'ya baƙaƙe kamar ɗinya, aljanu na tsinka suna watsawa a baki. Sauran kwanakin bayin Allah ne suke ci. Na wuce wani dattijo da itacen ya kai masa har wuya, idanunsa kaɗai ke motsi.

Can na sami Gwamma. Itace ya cinye ta har ƙwauri. Na kira ta, ta dube ni kamar ta ga bango. Na ciro dutsen nan na tura mata a baki, na toshe hancinta sai da ta haɗiye. Ta yi tari, ta ƙifta ido.

"Tasalla? Ke ma yaran sun kawo ki?"

"Yaran wa? Wanda ya kawo min kujera a gidana sai ya ci ta. Tashi mu tafi."

Kafin ta amsa sai ƙasa ta yi lumbu-lumbu, aljanu suka zube. Ga Sarauniya Lallausa an ɗauko ta a wani ƙaton faifai. Ba ta da ƙashi ko ɗaya a jikinta, tana malala ta ko'ina kamar ƙullun waina, bayi na tattaro ta suna mayarwa. Muryarta kuwa zuma.

Ta ce, "Maraba da baƙuwar da ta zo da ƙafarta. Baƙonka annabinka. A shimfiɗa mata, ta zauna mu gaisa."

To fa. Kun san a wurinmu a yi maka shimfiɗa ka ƙi zama, ka zagi mai gida ke nan. Da wannan suke kama mutanen kirki. Allah ya so ni ba na cikinsu.

Na rusuna na ce, "Ranki ya daɗe, na gode da karamci. Sai dai maruru ya fito min a inda ba a faɗa a gaban sarauta. A tsaye nake kwana."

Ta yi murmushi ta ce, "Allah ya sawwaƙe. Me ke tafe da ke?"

"Ƙawata na zo ɗauka, wadda kuka sace."

"Ya ke Tasalla, mu ba ma sata. 'Ya'yansu ke cewa sun gama amfani, su kuma su yarda. Abin da mai shi ya zubar muke tsinta. Ga ta nan, tambaye ta. In ta ce za ta bi ki, babu mai riƙe ta."

Maganar nan ta ƙona min rai, don rabinta gaskiya ne. Na juya na ce, "Kin ji. Buɗe baki ki gaya mata."

Gwamma ta sunkuyar da kai ta ce, "Ƙawa, in koma in yi me? Yaron nan ya ce ina ba shi kunya. An rufe min ƙofa, ba wanda ya fasa ta."

"Ni ba ta katanga nake shigowa ba?"

"Ke ai ba ki da aikin yi ne. A nan ba na damun kowa. Ƙafata ma ta daina ciwo."

"Ta daina ciwo don ta zama muciya! Ki dubi wancan tsohon, haka kike so ki ƙare, a riƙa ɗaure jaki a jikinki?"

Ta ce, "Ki gaida mutanen gida," ta lumshe ido.

Wallahi saura kaɗan in kwaɗa mata mari. Na tsaya ina huci, aljanu na min dariya ƙasa-ƙasa. Na gyara ɗaurin zani na ce, "Shi ke nan, na tafi." Na yi taku kaɗan, sai na waiwayo na dubi Sarauniya.

"Ranki ya daɗe, tambaya gare ni. A wannan gari ba a rakiya ne? A garinmu ko wuta ka zo ɗiba sai an taka maka zuwa zaure. Ni na ƙetaro duniya guda na zo gaishe da mutum, za a bar ni in fita ni kaɗai kamar ɓarauniyar kaza? Ashe aljanu ba su da tarbiyya."

Sarauniya ta kumbura har ta zubo ta gefen faifai.

Ta ce, "Kul, 'yar Adam! Mu muka koya wa kakanninku rakiya. Ba a taɓa jin baƙo ya fita daga birnina ba a taka masa ba. Saiwa, sake ta. Ta raka baƙuwarta, ta dawo kujerarta."

Na matsa kusa da Gwamma na ce, "Ke kuma, uwarki Ta-Rasulu da ke raka baƙo har bayan gari, da tana raye ta ga 'yarta a kishingiɗe baƙuwa na fita, da ta tsine wa nonon da kika sha."

Ta buɗe ido ta harare ni. "Kar ki sa uwata a bakinki mai warin daddawa."

"To tashi."

Kunyar da ta zaunar da ita, ita ta tashe ta. Saiwoyin suka zare daga ƙasa suna ƙara, ta miƙe tana rawa kamar ɗan maraƙin da aka haifa yanzu. Muka kama hanya, ƙafafunta na ƙwas, ƙwas, tana zagina ina ramawa. Tsofaffin nan suna bin mu da ido.

Muna isa ƙofa ta tsaya ta ce, "To na fita hakkinki. Sauka lafiya."

Na ce, "Madalla. Af! Kin ga na manta ban gaya miki ba. An fa ga haƙorin Hajiya Dubu."

Hajiya Dubu wata maƙwabciyarmu ce mai fankama, wadda tun da ta sa haƙorin Makka ba ta sake rufe baki ba. Haƙorin ya ɓace, ta bi gari tana cewa haɗiye shi ta yi da ɗanwake.

Gwamma ta ce, "A ina?"

"A aljihun Na-Allah direba."

"Ke Tasalla! Me ya kai shi can?"

"Doguwar magana ce, ga shi ina sauri. Ɗan taka min zuwa bakin kogi."

Mai gadi ta tare mu ta ce rakiya ta ƙare a ƙofa. Na ce, "Wa ya gaya miki? Rakiyar maza ce ke ƙarewa a ƙofa. Ta mata sai inda magana ta ƙare, tambayi kowa." Na lura duk kunnuwanta sun miƙe tsaye. Sai ta ce, "To matar direban ta sani?" Ta ajiye ƙwarya ta biyo mu.

Na ja zancen nan kamar ƙullun taliya. Matar Na-Allah ce ta zo wanki ta lalubo shi. Ta ɗaure a gefen mayafi ta tafi gidan Dubu wai ta zo barka da arziki. Ta zauna, ta sha fura, ta ce, "Hajiya, ɗan yi min dariya mana." Daidai nan muka iso kogi, na yi shiru.

Ɗan-Goyo ya durƙusa wa Gwamma ya shimfiɗa majanyi, har ta ɗaga ƙafa za ta hau. Na ce, "Hau abinki. Amma abin da Dubu ta amsa ba a faɗarsa da ƙarfi, ni kuwa ba zan yi ihu ina kallon sama ba." Ta yi tsaki ta sauke ƙafa, ta dafa kafaɗata, ni na riƙe yatsan aljanin, muka shiga. Ina raɗa mata a kunne, mai gadi ta manna gwiwar hannunta a bakina don kar ta rasa ko kalma. Ruwan ya jiƙa itacen, ɓawo ya fara saɓulewa yana bin kogi. Gwamma ta ƙwalla ƙara ta ce ƙafarta ta dama na mata zogi. Na ce, "Alhamdu lillahi, ta dawo ke nan."

Filin auduga shi ya kusa kashe mu. Nan gaskiyar labarin ta ƙare, iyakar abin da na sani ke nan, sai na shiga ƙera sabo. Gwamma na durƙushewa in ce, "Ashe haƙorin ma ba nata ba ne!" sai ta miƙe. Ta sake tangaɗi in ce, "Kin san wa aka gani yana fita ta bayan gidan da takalmi a hannu?" Na sa mai awo a ciki, na sa wanzami, na sa wata bazawara daga Gabas da ban taɓa gani ba. Muryoyin nan masu cewa a kwanta, su ma suka yi shiru suna saurare.

A ƙarshen filin muka tarar da wani tudu mai tsayi. A samansa ga ƙafafun kujerar Sabi'u sun zuro daga sama kamar saiwar gamji, ga ɗan haske a tsakaninsu. Muka hau da rarrafe, ƙaya ta fizge min ɗankwali ban ko tsaya ɗauka ba. Muna gab da kaiwa sai muka ji gudu kamar ambaliya. Sarauniya Lallausa ce ta zubo daga faifanta, ta malalo ta cika filin, ta taso har gindin tudu.

Ta ce, "Rakiya ta kai iyakar ƙasata. Mai rakiya komawa take yi, wannan ma al'ada ce. Ya ke Iya, baƙuwarki ba ta da sauran labari, duba bakinta ya bushe. Dawo ki huta. A can sama wa yake nemanki?"

Na buɗe baki in ƙaro wata ƙarya, wallahi babu ko ɗaya. Kaina ya zama fanko. Gwamma ta saki kafaɗata ta juya tana kallon ƙasa.

Sai fushi ya kece min da kuka. Na ce, "Ni nake nemanta, ke tulin ƙullu! Ke kuma Gwamma, Allah ya isa tsakanina da ke. Duk sa'o'inmu sun mutu, su ba da son ransu suka tafi ba. Ke da ranki da lafiyarki za ki bar ni a garin da ba wanda ya san ni ina budurwa? In na ji magana in kai wa wa? Yaran yanzu da in ka fara ba su labari sai su ce Iya an sha magani?"

Ta waiwayo za ta ba ni amsa, sai idonta ya sauka a kaina. Ta matso. Ta kama kan nan ta juya shi hagu, ta juya shi dama, ta bi tsagar da yatsa.

"Wa ya yi miki wannan aika-aikar?"

"Ladiyo ce, matar mai faci. Ita ke yi wa gari kitso yanzu."

"Ladiyo? Wadda ko igiyar guga ba ta iya tufkawa? Tsaga kamar hanyar tururuwa! Da wannan kan kike shiga mutane? Da wannan za ta kama kan amare?"

Na ga jijiyar wuyanta ta tashi, rabon da in ga haka tun kafin kujera. Ta gyara tsayuwa ta fuskanci Sarauniya.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, kin faɗi al'ada, amma kin bar rabi. In mai rakiya ta ga baƙuwarta ba lafiya, ba ta juyawa sai ta kai ta har ɗaki. Wannan kan kuwa ba lafiya ba. Na gode da inuwa. A ba wani kujerar."

Sarauniya ta yi wata kururuwa, zumar muryar nan ta tsinke. Ta miƙo hannu kamar igiya ta naɗe ƙafar Gwamma ta hagu, wadda ba ta gama warkewa ba. Na kama saiwar kujera da hannu ɗaya, na kama Gwamma da ɗayan. Tana ja, ina ja, Gwamma na shurin ta da ƙafar dama tana zaginta da zagin da ban san ta iya ba. Mai gadi kuwa, maimakon ta taya uwargijiyarta, sai ihu take, "To wa ya fita da takalmi a hannu?" Muka ji ƙaras! Wani reshe ya karye ya bi Sarauniya, mu kuma muka yi sama.

Muka ɓullo ta ƙarƙashin kujerar muka kifar da ita. Ashe har an zauna makokinmu, ɗaki cike da mata, ana rabon gumba. Wasu suka fita ta taga. Hajiya Dubu na cikinsu, hannunta a kan baki. Sabi'u ya shigo da gudu, ya zube yana, "Inna! Inna! A kawo katifa, a kwantar da ita!"

Gwamma ta ce, "Sabi'u."

Ya ɗago kai ya dube ta. Tun da ta haife shi ba a taɓa jin sunan a bakinta ba.

Ta ce, "Wanda ya sake cewa in kwanta, sai na ci mutuncinsa. In alheri kake so ka yi min, ka kai ni a duba min ido a ba ni tabarau, ka gyara min rumfa, ka cire ƙyauren nan da ka sa. Ina da sauran aiki a garin nan. Ran da na gaji ni zan faɗa, ba kai ba."

Ya ce, "To Inna." Ni na sa aka faskara kujerar, na dafa kalwa da ita. Tana ci tana kuka kamar mage, daddawar kuma ba ta yi daɗi ba, kaji na zuba wa.

Ƙafar Gwamma ta hagu ba ta dawo daidai ba. Daga idon sawu zuwa ƙasa itace ce har yau, in damina ta yi har ɗan ganye take fitarwa, sai mun tsinke. Da ita take ɗingisawa. Da safe ta yi kitsonta a gindin darbejiya, ta koya wa Ladiyo tsaga tana ranƙwashinta. In la'asar ta yi sai ka ji ƙwas, ƙwas, ta ratso gari ta zo gidana jin ƙarshen maganar haƙori. In ba ta kaɗan, in tashi in raka ta. Mu je ƙofarta, ta ce bari ta ɗan taka min. Mu dawo tawa, in ce ai ba ta koma ita kaɗai ba. Masu zaman bakin masallaci har sun gaji da amsa mana sallama.

Haƙorin nan yanzu ya je Gabas ya dawo, ya shiga hannun mutanen da ko uwarsu ba ta san da su ba. Duk ɗan bokon da ya karanta wa Gwamma wannan takarda ya tona min asiri, shi da Allah.

Ko da yake jiya muna tafe ta tsaya ta dube ni ta cikin tabaranta ta ce, "Tasalla, wancan makon kin ce wanzamin gurgu ne. Yau kuma ga shi yana tsallake katanga."

Na ce, "Ya warke."

Ta ce, "Allah mai iko. To, ya tsallaka, sai aka yi yaya?"